Ra'ayin Jama'a Da Kai Agajin Soja Ga Ƙasar Da Ke Cikin Yaƙi: Ina Matsayin Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya na Allah ne, wanda Ya sanya jinin ɗan Adam abu mai alfarma, Ya kuma wajabta taimakon wanda aka zalunta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu mutanen Gure Allah Ya ajiye mu a bakin hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa ta gabanmu take wucewa, saboda haka idan ƙasa ta shiga wani hali mukan gan shi da ido kafin mu ji shi a rediyo. Mun ga motocin soja sun nufi gabas cike da samari, wasunsu ba su kai ƙannenmu ba. Mun kuma ga motocin haya sun nufo yamma ɗauke da mata da yara da tabarmi da tukwane. Wanda ya ga waɗannan ayari biyu ba zai ɗauki maganar yaƙi a matsayin hirar bakin kasuwa ba.

Mas'alar da muke son dubawa ita ce: idan wata ƙasa ta shiga yaƙi, aka yi niyyar kai mata agaji na sojoji ko makamai ko kuɗi, shin ra'ayin talakawa yana da nauyi a Shari'a, ko kuwa magana ce ta masu mulki su kaɗai? In yana da nauyi, ina iyakarsa? Kuma wane haƙƙi ne ke rataye a wuyan wanda ya buɗe baki ya ce a tafi, ko ya ce kada a tafi?

Abin da idanunmu suka gani

Ranar 2 ga watan Agusta 1990 sojojin Iraƙi suka mamaye Kuwait. Gwamnatin Janar Ali Saibu ta tura ɗaruruwan sojojin Nijar zuwa Sawudiyya cikin rundunar ƙawance da Amurka ta jagoranta. A lokacin muna yara, muna makarantar allo, amma ba mu manta yadda manya ke kewaye akwatin rediyo bayan Magariba ba. Zukatan da yawa daga cikin jama'a suna tare da Saddam Husaini, har aka riƙa raɗa wa jarirai sunansa a ƙasar Hausa. Malaman duniyar Musulunci su ma sun rabu: manyan malaman Sawudiyya, cikinsu har da Shaihu Abdul'aziz bin Baz, sun halatta neman taimakon waɗanda ba Musulmi ba saboda lalura, wasu malamai kuma suka ƙi amincewa da haka.

Yau da ƙura ta lafa, za mu iya cewa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Gwamnati ta ga cewa an haɗiye wata ƙasa da ƙarfin tsiya, kuma wannan zalunci ne ko da wanda ya aikata shi yana salla. Jama'a kuwa sun ji a jikinsu cewa wutar da za a kunna ba za ta tsaya a kan azzalumi kaɗai ba, kuma haka ta kasance: ranar 13 ga Fabrairu 1991 bama-bamai suka faɗa a kan maɓoyar Amiriyya da ke Bagadaza, fararen hula ɗaruruwa suka halaka, sannan takunkumi ya biyo baya shekara da shekaru. Da an zauna an haɗa rabi da rabi, da an samu cikakkiyar fahimta. Amma a wancan zamani na jam'iyya ɗaya, babu wanda ya tambayi talaka. Ƴan'uwanmu na Senegal, waɗanda su ma suka tura dakaru, sun rasa sojoji fiye da 90 a haɗarin jirgin sama a Sawudiyya cikin watan Maris 1991, suna komowa daga Umra bayan an daina faɗa. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya isa ya nuna cewa wanda ya tura soja waje ya sa hannu a kan takardar da bai san abin da za a rubuta a cikinta ba.

A farkon 2013 sojojinmu sun tafi arewacin Mali. Ranar 23 ga Mayu na wannan shekara aka kai hari barikin soja na Agadas da ma'adinin Arlit, kuma waɗanda suka kai shi sun ce ramuwa ce a kan shigar Nijar yaƙin Mali. Sai kuma 2015: ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, ranar 9 ga wata majalisar dokoki ta amince baki ɗaya a tura sojoji cikin Najeriya, kuma a watan Maris dakarun Nijar da na Cadi suka ƙwato Damasak. A nan gabas ba a yi doguwar gardama ba, domin kowa ya san karin maganar nan: idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma farashin ya yi tsada, kuma iyalan waɗanda suka kwanta dama a tsibirin Karamga cikin Afrilu 2015 da Boso cikin Yuni 2016 su ne suka fi kowa saninsa.

Ga lokuta uku ke nan, kowane da fuskarsa. Ba za a yi musu hukunci ɗaya ba, sai an koma ga asali.

Haƙƙin jama'a ne a shawarce su

Asalin farko yana cikin abin da ya faru kafin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira. Mutanen Madina sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a Aƙaba a kan za su kare shi idan ya zo garinsu, kamar yadda suke kare iyalansu. Da al'amari ya zama na fita wajen gari a kara da runduna, sai ya tsaya ya nemi shawara. Manyan Muhajirai suka yi magana mai daɗi, amma ya ci gaba da neman shawara, har Ansaru suka gane cewa bakinsu yake jira, Sa'adu ɗan Mu'azu ya miƙe ya bayyana yardarsu. Ku lura da kyau, ya ku ƴan'uwa. Wannan Annabi ne da wahayi ke sauka gare shi, wanda biyayya gare shi farilla ce, amma bai ja mutane zuwa faɗan da ya wuce iyakar alkawarinsu ba sai da ya ji ta bakinsu. To wane shugaba ne bayansa zai ce ya wadatu daga jin ta bakin jama'arsa?

Haka kuma a yaƙin Handaƙ, lokacin da ya yi tunanin bai wa ƙabilar Gaɗafan wani kaso na dabinon Madina domin su janye, bai zartar ba sai da ya kira shugabannin Ausu da Khazraju, domin dabinon na mutanensu ne. Suka nuna ba su so, aka bar maganar. Badar ta koya mana cewa mai jini a tambaye shi, Handaƙ ta koya mana cewa mai dukiya a tambaye shi. Agajin soja kuwa bai wuce waɗannan abubuwa biyu ba: jinin ƴaƴan talakawa da kuɗin baitulmali. Harsashin da aka harba a wata ƙasa, da kuɗin rijiya aka saye shi, ko na maganin asibiti, ko na albashin malamin makaranta.

Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin nan: ba a fita yaƙi ba da izinin iyaye ba, sai fa idan abokan gaba sun auko wa gari, a nan ne izini ke faɗuwa. Gaskiya ne sojan yau ya ɗauki alkawarin aiki, ba zai koma gida neman izini duk lokacin da aka ba shi umurni ba. Amma hikimar hukuncin tana nan: Shari'a ta bambanta tsakanin kare gida, wanda ba ya jiran shawara, da fita zuwa nesa, wanda a cikinsa hawayen uwa ke da nauyi a ma'auni. Kakanninmu da Faransa ta kwashe zuwa yaƙin duniya na farko da na biyu, da Indocin da Aljeriya, ba a tambayi iyayensu ba, kuma wannan yana daga cikin abin da ya sa muke kiran wancan zamani mulkin mallaka. Bai dace ƙasa mai ƴanci ta gaji wannan ɗabi'a ba.

Yawan baki ba shi ne hujja ba

Sai dai kada wani ya fahimci cewa duk abin da jama'a suka yi wa kururuwa ya zama gaskiya. A Uhudu, shekara ta 3, ra'ayin Manzon Allah (SAW) shi ne a tsaya cikin Madina a kare ta. Samari da waɗanda Badar ta kuɓuce musu suka matsa a fita, kuma su ne suka yi rinjaye. Ya shiga ya sa sulkensa. Da suka yi nadama suka ce a koma ga ra'ayinsa, bai yarda a yi ta kai-komo ba bayan an yanke. Aka fita, aka samu shahidai kimanin 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza.

Darussa uku ne a nan. Na farko, zafin jini yana iya rinjayar taro, kuma masu rinjaye suna iya zaɓar abin da ya fi wuya. Na biyu, duk da abin da ya faru, ayar da ke cikin Suratu Ali Imrana mai umurtar Annabi da ya ci gaba da shawartar sahabbansa bayan Uhudu ta sauka, domin kada wani shugaba ya kafa hujja da kuskuren jama'a ya rufe ƙofar shawara. Na uku, Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda ra'ayinsa shi ma a zauna cikin gari ne, ya janye da kusan kashi ɗaya cikin uku na rundunar a tsakiyar hanya, kuma wannan ya zama abin zargi a kansa har abada. Saboda haka wanda ya ƙi amincewa da tura soja yana da damar ya faɗi ra'ayinsa kafin a tafi da bayan an tafi, cikin ladabi da hujja, amma ba shi da damar ya yi murna da mutuwar sojan ƙasarsa, ko ya tona asirinsa ga abokan gaba, ko ya wulaƙanta iyalinsa.

Ra'ayin jama'a, a taƙaice, shaida ce. Alƙali ba ya yanke hukunci ba tare da sauraron shaidu ba, kuma ba ya ƙidaya kawunansu kawai, sai ya duba wanda ya gani da wanda aka ba labari. A zamaninmu wannan ya ƙara muhimmanci, domin wayar da ke aljihun kowane saurayi tana kawo hotunan yaƙi dare da rana ta WhatsApp da TikTok, wasu na gaskiya, wasu na wata ƙasa daban, wasu tsofaffi da aka sake wa suna, wasu kuma ƙagaggu. Manyan ƙasashe suna kashe dukiya domin su juya zukatan mutane kamar yadda suke kashewa a kan makamai. Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu mutane cikin jahilci. Wanda ya tura hoton da bai tantance ba, ya hura wutar da ta kai ga tura soja ko ga hana agajin da ya wajaba, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Ma'auni biyar

To da me talaka zai auna kafin ya ce i ko a'a? Muna ganin abubuwa biyar.

Na ɗaya, wa aka zalunta? Ba a tambayar wa muke so, ko wa ke ba mu tallafi, ko wa ya fi iya magana. Tun kafin Annabta, Manzon Allah (SAW) ya halarci ƙawancen nan na Hilful Fuduli a Makka, wanda aka ƙulla domin tsaya wa duk wanda aka zalunta ko baƙo ne, kuma bayan Musulunci ya yaba shi. Kuma sau da yawa wanda aka zalunta talakan ƙasar ne, gwamnatinsa kuwa tana cikin masu zaluntarsa, don haka taimakon gwamnati ba kullum ne yake zama taimakon jama'arta ba.

Na biyu, an gwada sulhu? Idan ɓangarori biyu na muminai suka yi faɗa, tsarin da Alƙur'ani ya shimfiɗa shi ne a fara da sasantawa, idan ɗaya ya ƙi ya ci gaba da ƙetare iyaka a yaƙe shi har ya dawo, idan ya dawo a koma ga sulhu da adalci. Yaƙi yana tsakiya, sulhu na gabansa sulhu na bayansa. Wanda ya tsallake matakin farko, ko ya manta da na ƙarshe, bai bi tsarin ba.

Na uku, ina alkawari? Ƙabilar Khuza'a ta shiga ƙawance da Musulmi a sulhun Hudaibiyya. Da Banu Bakrin suka auka musu da taimakon Ƙuraishawa, Annabi (SAW) ya amsa kiransu, kuma wannan ne sanadin buɗe Makka a shekara ta 8. A ɗaya gefen kuma, ƙarshen Suratul Anfal ya nuna cewa ko Musulmi ne suka nemi taimako, ba a taimaka musu a kan mutanen da ke da yarjejeniya da mu. Alkawari yana iya wajabta tafiya, yana kuma iya hana ta. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a ji ta bakin jama'a shi ne ranar ƙulla yarjejeniya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, akwai iko? Mai gidan da ɓarayi ke kewaya ba ya tura ƴaƴansa duka gadin gidan wani. Idan barin gida zai buɗe ƙofa ga ɓarna mafi girma, ƙa'idar malamai ita ce tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani. Amma kada rashin iko ya zama mafakar rowa, domin wanda ba ya iya tura bataliya yana iya karɓar ƴan gudun hijira, kamar yadda mutanen Difa suka raba ɗan abin da suke da shi da ƴan'uwansu na Borno.

Na biyar, ina ƙarshen tafiyar, kuma a hannun wa makamin zai kwana? Malaman Malikiyya sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi, ta babin toshe kafar sharri. Mun ga yadda makaman Libiya suka watsu cikin Sahel bayan 2011. Kuma tarihin yankinmu yana da nasa darasi: bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Mai na Borno ya nemi agajin Shaihu Muhammadul Amin Alkanemi, agajin ya yi amfani, amma iko ya koma hannun mai agaji sannu a hankali, har daular Saifawa ta ƙare a 1846. Mai ba da agaji da mai karɓa duka suna bukatar su san ranar da baƙo zai koma gida.

Ranar da abin ya juyo kanmu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka katse wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. A wannan karon mu ne ƙasar da ake shawarar tura wa sojoji, kuma masu shawarar suna kiran abin taimako. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasar wancan lokaci, akwai abin da ba a musu a kansa: jama'ar Kano da Katsina da Sakkwato da Borno sun ɗaga murya sun ce ba su yarda a yaƙi ƴan'uwansu ba, majalisar dattawan Najeriya ranar 5 ga Agusta ta nemi a bi hanyar sulhu, kuma tawagar malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau ta zo Yamai cikin wannan wata. Ba mu ce wannan kaɗai ne ya hana yaƙi ba, amma yana cikin sabubban da Allah Ya yi amfani da su.

To, ya ku ƴan'uwa, idan mun ji daɗi da talakan wata ƙasa ya sa bakinsa ya kare mu, adalci ya wajabta mu zama irinsa ga wasu. Kuma mas'alar ba ta wuce ba. Yarjejeniyar Liptako-Gurma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu ranar 16 ga Satumba 2023 ta tanadi cewa harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka, kuma wajibi ne a kai masa ɗauki. Maƙwabci yana da haƙƙi, alkawari kuma abin tambaya ne ranar Alƙiyama. Saboda haka ne ma ya kamata jama'a su san abin da aka ɗauka da sunansu, kuma su riƙe ma'auni ɗaya ga aboki da wanda ba aboki ba.

Nasiha

Ga shugabanni, muna tunatar da su cikin girmamawa cewa rayukan sojoji amana ce. Su bayyana wa jama'a dalilin tafiya da iyakarta gwargwadon abin da ba zai cutar da tsaro ba, su saurari malamai da sarakuna da masana da iyayen sojoji, kada su ɗauki mai saɓanin ra'ayi a matsayin maƙiyi, domin mai gaya maka gaskiya ya fi mai yi maka tafi. Su kuma kula da gwauraye da marayun waɗanda suka rasu, kada matar soja ta yi ta yawon ofis-ofis da takarda a hannu tana neman haƙƙin mijinta.

Ga malamai ƴan'uwanmu, mumbari ba wurin hura wuta ba ne, kuma ba wurin sayar da fatawa ba ne. Wanda bai san haƙiƙanin abin da ke faruwa a wata ƙasa ba, ya karantar da ƙa'idoji ya kame daga yanke hukunci.

Ga sauran jama'a, kafin ɗayanmu ya ce a tura soja, ya sawwara cewa ɗansa ne a cikin motar farko. Kafin kuma ya ce babu ruwanmu, ya sawwara cewa garinsa ne aka kewaye, shi ne ke duban hanya ko wani zai zo. Wanda ra'ayinsa ya tsaya bayan waɗannan tambayoyi biyu, ya faɗe shi ba tare da tsoro ba. Wanda nasa ya girgiza, ya ƙara bincike, ya yawaita addu'a. Kuma a kowace unguwa ta Gure akwai gidan da ɗansu ke bakin daga; mu leƙa su, mu tambayi abin da suke bukata, domin wannan agaji ne da ba ya jiran izinin kowa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare waɗanda ke raye, Ya mayar da ƴan gudun hijira gidajensu, Ya shiryar da shugabanninmu, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, kuma Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.